Ruwa mai gas na haɗin gida: a fara duba ruwan kafin a sayi na'urar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu a kan wani abu da ke ta shiga gidajen jama'a a sassa daban-daban na duniya, wato haɗa ruwa mai gas a gida daga ruwan famfo. Masu sayar da na'urorin wannan aiki suna cewa mutum zai huta da sayen kwalabe da ɗaukar nauyinsu, zai rage tara robobi a bola, kuma zai samu abin sha mai daɗi wanda babu sukari a cikinsa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina daga cikin masu goyon bayan abin. Sai dai akwai magana guda da ba a cika faɗa wa mai saye ba, ita ce kuma dalilin wannan wasiƙa: na'urar ba ta ƙara wa ruwa komai sai iska. Ba ta tace shi, ba ta kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, ba ta kuma cire masa guba. Ruwan da mutum ya zuba a kwalba shi zai sha, sai dai ya sha shi da kumfa.

Abin da ake kira gas a nan ba shi da alaƙa da gas ɗin girki. Iskar kabon dayoksaid ce, wadda muke fitarwa idan mun numfasa, kuma ba ta kamawa da wuta. Wani masani ɗan Ingila mai suna Joseph Priestley ne ya gano a shekarar 1767, a birnin Leeds, cewa ana iya sa ruwa ya sha wannan iska, sannan ya wallafa bayanin hanyar yin hakan a 1772. Bayansa Johann Jacob Schweppe ya mayar da abin sana'a a birnin Geneva a 1783. Kamfanin SodaStream, wanda sunansa ya fi fice a kan na'urorin gida, asalinsa daga Ingila ne tun 1903, kuma a 2018 kamfanin PepsiCo ya saye shi a kan dala biliyan 3.2, abin da ke nuna cewa manyan masu sayar da lemon kwalba su ma sun ga inda hankalin mutane ya karkata. Amma duk da wannan dogon tarihi, aikin bai sauya ba: ana tura iskar ne cikin ruwa da ƙarfin matsi a cikin kwalba rufaffiya, ruwan ya riƙe ta, idan aka buɗe murfi matsin ya sauka, sai ta fara fitowa a matsayin kumfa.

Abubuwa biyu ne ke yanke yawan iskar da ruwa zai iya riƙewa, matsi da sanyi. Game da matsi, William Henry ya bayyana tun 1803 cewa yawan iskar da ke narkewa a ruwa yana tafiya ne daidai da ƙarfin matsinta a kan ruwan, idan matsi ya ninka, abin da ya narke shi ma ya ninka. Game da sanyi kuwa, a nan ne mafi yawan masu na'ura suke asarar kuɗinsu ba tare da sun sani ba. A matsi irin na sararin da muke ciki, lita ɗaya ta ruwan da ya kusa daskarewa tana iya riƙe wajen giram 3.3 na wannan iska, a digiri 20 na ma'aunin Salshiyas ba ta wuce giram 1.7, a digiri 30 kuma abin yana sauka zuwa wajen giram 1.3. Lemon kwalba na kasuwa kuwa yakan ƙunshi giram 6 zuwa 8 a kowace lita. Ke nan wanda ya tari ruwa daga famfo da rana tsaka ya ɗora a na'ura yana buƙatar matsin da ya kusa ninka na wanda ya ɗauko nasa daga firji, kuma na'urar ba za ta ba shi wannan matsin ba, domin an yi mata mafitar da ke sakin iska idan matsi ya kai wani mizani. Sai ya yi ta danna maɓalli, iskar tana ficewa a banza, ya ƙare da ruwa lami. Ƙaramar silinda, wato tukunyar iskar da ake ɗaura wa na'urar, wadda ake rubuta wa lita 60, tana ɗauke ne da iskar da ba ta wuce giram 410 zuwa 425 ba, wato wajen giram 7 ga kowace lita, kuma wannan lissafi na ruwan sanyi ne. Mai amfani da ruwan ɗumi ba zai taɓa ganin lita 60 ɗin ba.

Saboda haka hanyar ba ta da wuya. A cika kwalbar zuwa layin da aka shata mata, kada a wuce shi, domin sararin da aka bari a sama yana cikin lissafin matsin. A ajiye ta a firji har ruwan ya yi sanyi sosai. A tura iskar a ɗan gajeren danni sau da yawa maimakon dogon danni guda, a ɗan dakata kafin a cire kwalbar, sannan a rufe ta nan take. A yawancin na'urori ruwa zalla kawai ake sa wa iska. Wanda ke son ɗanɗanon 'ya'yan itace sai ya ƙara daga baya, a hankali, yana karkata kofin, domin duk ruwan da ke da sukari ko ɓarɓashi yakan yi ambaliyar kumfa, ya shiga cikin na'urar ya toshe mafitar da aka yi domin kare mai amfani da ita.

To, yanzu ga batun ruwan kansa, wanda shi ne ya fi damuna. Akwai wani zato da ya yaɗu cewa tunda ruwa mai gas yana da ɗan tsami da yaji a harshe, to lallai wannan yajin yana kashe ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne cewa idan iskar ta narke, kaɗan daga cikinta yana zama wani asid mai rauni, kuma wannan yana iya rage saurin hayayyafar wasu ƙwayoyin. Amma rage hayayyafa daban, tsarkake ruwa daban. A ma'aunin tsami da ake kira pH, inda 7 take tsaka-tsaki kuma lamba ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ruwa mai gas yakan tsaya wajen 4 zuwa 5, alhali ruwan da ke cikin tumbin ɗan Adam yakan sauka har ƙasa da 2. Ƙwayoyin da ke kawo taifot da kwalara da atini sukan samu hanyar ratsa wannan tumbi su isa hanji su yi ɓarna, to yaya za a sa ran 'yar iskar da aka tura cikin daƙiƙa biyar za ta gama da su? Kuma kada wani ya ɗauka cewa wannan matsala ce ta ƙasashe matalauta kaɗai. A 1993, a birnin Milwaukee na Amurka, mutane wajen 400,000 suka kamu da gudawa daga ruwan famfo saboda wata ƙwayar cuta mai suna kiriftosforidiyam, wadda ko sinadarin kulorin da ake sa wa ruwa ba ya kashe ta cikin sauƙi. Duk wanda ba zai yarda ya sha ruwan famfonsa kai tsaye ba, to bai kamata ya sha shi ba don kawai ya yi kumfa.

Maganin wannan shi ne tafasawa. Ruwa ya tafasa sosai na tsawon minti ɗaya, a wurare masu tudu da suka haura mita 2,000 kuma minti uku, sannan a bar shi ya huce a rufe, a zuba a kwalba mai tsabta a kai firji. Akwai ma ƙarin riba a nan, domin tafasawa tana korar iskar sarari da ta riga ta narke a cikin ruwan, kuma ruwan da aka kore wa wannan iska ya fi riƙe gas da kyau. Kamfanonin lemo su ma sai sun cire ta kafin su sa tasu. Abin lura kawai shi ne kada a zuba ruwan zafi a kwalbar na'ura, zan dawo kan dalilin hakan.

Inda ruwan famfo yake da kyau, abin da ya fi hana mutane jin daɗinsa shi ne warin kulorin. Ina so in kare wannan sinadari, domin ana yawan zaginsa alhali shi ne mai gadin ruwan daga matatar hukuma har zuwa bakin famfo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a samu aƙalla miligiram 0.2 nasa a kowace lita a inda ruwan yake fitowa, kuma iyakar da ta sa ita ce miligiram 5. Warinsa alama ce cewa an kula da ruwan. Wanda bai son warin zai iya tara ruwa a jug, ya rufe bakinsa da tsumma mai tsabta, ya bar shi ya kwana a firji, da yawan kulorin ɗin zai fice da kansa. A garuruwan da ake amfani da ɗan'uwansa kuloramin wannan dabara ba ta cika aiki ba, domin shi ba ya ficewa da wuri, sai dai a bi da ruwan ta matata mai gawayi na musamman. Amma a tuna da abu biyu. Na farko, ruwan da aka cire wa kulorin ya rasa mai gadinsa, don haka a firji zai zauna kuma a shanye shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Na biyu, irin wannan matata ta gyaran ɗanɗano ce, ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kuma idan ta wuce wa'adin da aka ɗiba mata ba a sauya ba, ita kanta takan zama matattararsu. Idan kuwa ruwan da aka saba da shi ya wayi gari da sabon wari ko sabon launi, kada a rufe abin da kumfa da lemon tsami. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan lokacin neman bayani ne daga masu ba da ruwan.

Akwai kuma abin da tafasawa ba ta magancewa, sai ma ta ƙara masa ƙarfi saboda ruwan yana raguwa shi kuma yana nan. Babba daga ciki ita ce dalma. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, ba ta sauya launin ruwa, kuma ta fi illa ga ƙwaƙwalwar yara ƙanana da ɗan tayin da ke ciki. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada ta wuce maikirogiram 10 a lita, kuma hukumar ta bayyana cewa babu wani adadi nata da aka san ba ya cutarwa. Galibi ba daga matatar ruwa take zuwa ba, daga tsofaffin bututu ne da abin da aka like mahaɗarsu da shi da kuma wasu kawunan famfo. Abin da ya faru a birnin Flint na Amurka darasi ne: a watan Afrilun 2014 aka sauya inda ake ɗebo wa birnin ruwa ba tare da an sa sinadarin da ke hana bututu zagwanyewa ba, sai dalma ta shiga ruwan gidajen mutane. Mai tsohon gida ya kamata ya riƙa barin famfo ya zuba na ɗan lokaci da safe kafin ya tara na sha, domin ruwan da ya kwana a bututu shi ya fi kwasar dalma, kuma ya tara daga ɓangaren sanyi, kada ya ɗiba daga na zafi. Haka nan sinadarin naitiret da ke gangarowa daga takin zamani da masai, wanda iyakarsa miligiram 50 ce a lita kuma ya fi haɗari ga jarirai, shi ma tafasawa ba ta cire shi. Waɗannan gwaji ne kaɗai ke nuna su, kuma kuɗin gwajin ruwa sau ɗaya ya fi cancanta a kashe kafin kuɗin na'ura.

Tsamin da gas ke ba ruwa yana da wata illa da ba kowa ya sani ba, wato yana cin tagulla. An sha samun mutane da suka yi ta amai bayan shan lemo daga injinan gidajen abinci, da aka bincika sai aka ga iskar ce ta koma baya cikin bututun tagulla ta narkar da shi. Don haka kada a adana ruwa mai gas a mazubin tagulla, kuma duk wanda zai haɗa babbar na'ura kai tsaye da bututun gida, wajibi ne a sa abin da ke hana ruwa da iska komawa baya, kuma ƙwararren mai aikin famfo ne zai yi haɗin. Ma'adinai irin su kalsiyam da maganiziyam da ke cikin wasu ruwaye ba abin tsoro ba ne, suna ma sassauta tsamin, shi ya sa ruwan wani gari yake fin na wani taushi a baki ko da na'ura iri ɗaya aka yi amfani da ita.

Bayan ruwa sai iskar. Mafi yawan kabon dayoksaid da ake sayarwa ana samun ta ne daga masana'antun takin zamani da makamantansu, sannan a tace ta gwargwadon aikin da za a yi da ita. Akwai ta abinci, wadda a Turai ake yi wa lamba E290, akwai ta walda, akwai ta kashe gobara. Ba lallai ne iskar ta bambanta sosai a tushe ba, amma gwajin da ake yi mata da tsabtar tukunyar da aka zuba ta sun bambanta, kuma tukunyar da ta taɓa ɗaukar mai ko tsatsa za ta ba wa ruwa abin da ke cikinta. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da kamfanin Perrier na Faransa, wanda a 1990 ya janye kwalabe wajen miliyan 160 daga kasuwannin duniya bayan an gano burbushin sinadarin benzin a cikin ruwansa, kuma daga baya aka danganta matsalar da matatun da ke tace iskar. Idan haka ta faru ga kamfanin da ke da ɗakunan gwaji, to mai ɗura silinda a rumfar da babu wanda ke duba ta fa? Na san musanyar silinda a wurin masu izini ta fi tsada, na kuma san wannan tsadar ce ke tura mutane sayen mahaɗar da za su riƙa ɗura ƙaramar silinda daga babba da kansu. Ra'ayina shi ne wanda bai koyi aikin ba ya bar shi. Ana ɗura silinda ne da awon nauyi, kuma wadda aka cika fiye da ƙima ba ta da sararin da iskar za ta buɗa idan zafi ya taso.

Dalilin wannan tsoro shi ne matsin da ke ciki. A silinda iskar tana zaune ne a matsayin ruwa-ruwa, kuma a digiri 20 matsinta ya kai wajen ninki 57 na matsin sarari, wato ya ninka na tayar mota fiye da sau ashirin. Da zarar zafi ya haura digiri 31, matsin silindar da ke cike yana hawa da sauri ƙwarai, shi ya sa masu ƙera ta suke gargaɗin kada ta kai wajen digiri 50. Motar da aka rufe aka bari a rana tana iya wuce wannan, haka kusa da murhu. A ajiye silinda a tsaye, a inuwa, inda ba za ta faɗi ba, kuma idan ta fara yoyo kada a taɓa bakinta da hannu, domin iskar da ke fita da ƙarfi tana yin sanyin da ke ƙona fata. Kwalbar ma haka take. Robar da aka yi ta da ita tana gajiya da yawan kumbura da saki, shi ya sa ake buga mata ranar daina aiki, kuma zafi yana raunana ta tun kafin ranar, ko na ruwan wanki ne ko na rana. Kwalbar da ta karce, ko ta canza siffa, ko ta yi fari-fari, a jefar da ita. Kwalbar gilashi kuwa, sai wadda aka ƙera domin wannan aiki kuma na'urar ta zo da gidan da ke rufe ta, domin gilashin da ya fashe a ƙarƙashin matsi ba ya zaɓen inda zai nufa.

Masu sayen babbar tukunya domin rage tsada suna da ƙarin abin kiyayewa. Wannan iska ta fi ta sarari nauyi da wajen rabi, ba ta da launi, don haka idan ta zuba sai ta kwanta a ƙasa, inda yara ke wasa kuma inda mai barci yake. Ƙaramar silinda idan ta zube gaba ɗaya tana ba da lita 230 ko kusa da haka, wanda a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga zai watse. Amma tukunya mai kilo 5 tana ba da wajen lita 2,700, kuma a rufaffen ɗaki matsakaici wannan ya isa ya sumar da mutum har ya halaka shi. Duniya ta ga ƙarfin wannan iska a ranar 21 ga Agustan 1986, lokacin da tafkin Nyos na ƙasar Kamaru, wanda ruwan ƙasansa mai sanyi ya daɗe yana riƙe da ita a ƙarƙashin matsi, ya sake ta gaba ɗaya, ta gangara kwaruruka ta kashe mutane fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Babbar tukunya wurinta inda iska ke shiga tana fita, ba ɗakin kwana ba.

Sai kuma dabarun da ake yaɗawa na yin abin ba tare da na'ura ba, waɗanda nake ganin biyu daga cikinsu garin neman gira za su sa a rasa ido. Ta farko ita ce zuba bekin soda da ruwan lemon tsami ko binega a kofi a sha. Kumfa za ta tashi, amma sodiyam ɗin da ke cikin sodar, wato sinadarin nan da ake samu a gishiri, yana nan a kofin. Ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda yana ɗauke da sodiyam fiye da miligiram 1,200, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai miligiram 2,000 a yini. Kafin a samu gas irin na kwalbar kasuwa a lita ɗaya sai an zuba wajen giram 13 na sodar, wato sodiyam ɗin da ya haura na yini guda da rabi. Ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda wannan cutar da kai ce. Wasu sukan haɗa sodar da asid ɗin a kwalba daban, su ja iskar kaɗai ta tiyo zuwa kwalbar ruwa, wanda ya kawar da matsalar sodiyam amma ya bar mutum da kwalabe biyu masu matsin da ba shi da abin auna shi. Dabara ta biyu ita ce jefa busasshiyar ƙanƙara, wato ita wannan iskar da aka daskarar a digiri 78.5 ƙasa da sifili, cikin kwalba a rufe. Kilo ɗaya nata yana komawa iska fiye da lita 500, don haka ɗan guntun da bai kai girman babban yatsa ba ya isa ya tarwatsa kwalba a hannun mutum, kuma haɗiye ɓarɓashinta yana ƙona maƙogwaro. Ta uku ita ce sa sukari da yis a bar su su yi aiki. Wannan ba ruwa zalla ba ne kuma, domin yis yana raba sukari ne gida biyu kusan daidai, rabi iska rabi barasa, ta yadda duk giram 6 na gas da aka samu a lita yana tafe da wajen giram 6 na barasa. Ya kamata duk mai guje wa barasa ya san haka kafin ya gwada.

Duk da waɗannan gargaɗi, ina nan a kan bakana cewa abin yana da amfani, kuma amfaninsa babba ne. Gwangwani ɗaya na lemon kola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da ake samu daga abincin yini, wato wajen giram 50 ga babba, in so samu ne ma a tsaya a rabin haka. Mutane da yawa da suka kasa rabuwa da lemon kwalba, idan aka lura, sanyin da yajin gas ɗin suke nema fiye da zaƙin, kuma ruwa mai gas yana ba su wannan ba tare da sukari ko ɗigo ba. Yana kashe ƙishirwa kamar ruwa zalla. Maganar cewa yana cin ƙashi ba ta tabbata ba: binciken Framingham da aka wallafa a Amurka a 2006 ya samu alaƙa tsakanin raguwar ƙarfin ƙashin mata da shan kola, amma bai same ta ga sauran abubuwan sha masu gas ba. Game da haƙora, rufin haƙori yana fara laushi idan lambar pH ta sauka ƙasa da 5.5, don haka ruwa mai gas bai kuɓuta gaba ɗaya ba, sai dai tazararsa da kola, wadda take wajen 2.5, mai nisa ce, tunda kowane mataki guda a wannan ma'auni ninki goma ne. Abin da ke ƙara masa illa shi ne matsa lemon tsami a ciki da kuma yini ana kurɓarsa kaɗan-kaɗan. Wanda ya sha shi lokacin cin abinci ya fi tsira. Mai fama da ƙwannafi ko kumburin ciki zai iya ganin gyatsa ta ƙaru, sai ya rage ko ya bari, kuma ba a dama madarar jarirai da shi.

Ina kira ga hukumomin kula da ingancin abinci da na auna kayayyaki, a duk ƙasar da waɗannan na'urori suka shiga, su tilasta a rubuta a jikin kowace silinda cewa iskar ta abinci ce, da nauyinta, da ranar da aka gwada ƙarfin tukunyar, su kuma san su wane ne ke ɗura ta. Masu sayarwa su riƙa ba da takardar bayani a harshen da mai saye yake karantawa, kuma a rubuta a shafinta na farko cewa na'urar ba ta tsarkake ruwa. Hukumomin ruwa su riƙa wallafa sakamakon gwajin da suke yi a kai a kai, yadda magidanci zai san ko ruwan famfonsa na sha ne kai tsaye ko sai an tafasa. Ita kuma wannan jarida, ina roƙon ta gayyato masanin ruwa da likitan haƙori su amsa tambayoyin masu karatu a shafin lafiya, musamman a kan yadda mai ƙaramin ƙarfi zai kai ruwan gidansa gwaji da abin da ya kamata ya nemi a duba masa.

Na gode da filin da ka ba ni.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku a kullum